Ina Cin Tuwon Mutum Uku Ina Ramewa

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a wani ƙauye da ke tsakanin Ringim da Taura a Jihar Jigawa. Akwai tabon ɗinki a gindin wuyana, kuma duk gidan suna ko biki sai an samu wadda ta ja ni gefe ta tambayi labarinsa. Na gaji da ba da shi guntu-guntu a bakin murhu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Na haifi ɗana na uku a ƙarshen damunar 2018, ana yankan gero. Haihuwa lafiya, jego lafiya. Na yi wanka da ganyen darbejiya, na sha kunun kanwa, na yi arba'in a gidanmu, na dawo ɗakina har da 'yar ƙiba. Abin bai taso ba sai da hunturu ya kankama. Mutanen gida suna kwana da kaskon garwashi a ɗaka, ni kuwa ina ture bargo ina sharce gumi, wani daren ma sai na fito tsakar gida da tabarma. Zuciyata tana bugawa har ina jin ta a kunne ko a kwance nake. A aji in na ɗauki alli sai hannu ya kama rawa, yara suna kallon allo suna kallona. Ci kuwa ba a magana. In tashi da ɗumame, in bi da fura, kafin azahar yunwa ta sake murɗa ni, da dare in cinye nawa in side kwanon yara. Duk da haka zanin da nake ɗaurawa daidai sai ya koma yana neman zagaye ni sau biyu. Bayan gida ya yawaita, barci ya ƙaurace, ga saurin fushi da ban san kaina da shi ba. Yaro ya zubar da ruwa sai in yi ta faɗa har maƙwabta su leƙo.

A ƙauye mai ramewa ba ya rasa masu fassara. Mai kemis ya ce zazzaɓin cizon sauro ne da taifot, na sha allurai. Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce shayarwa ce take tsotse ni, a ƙara mini kunu. Da aka ga ramar ta ƙi tsayawa sai aka koma raɗa, kuma kowa ya san cutar da ake raɗa a kanta. Malam, maigidan namu, ya ɗauke ni a babur muka je aka gwada mu duka biyu, babu ƙanjamau. Aka duba majina, babu tarin fuka. Aka duba suga, lafiya lau. Daga nan idanuna suka fara turowa waje, farin yana bayyana a saman baƙin, ina kallon mutum sai ya ga kamar harararsa nake. Nan magana ta koma kan iska da sammu, kuma aka ɗora wa abokiyar zamana, baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba. Ba a faɗa a gabanta ba, amma ta ji, domin mata sun daina karɓar abin hannunta. Na sha rubutu, an yi mini ruƙiyya, kuma har yau ba na raina addu'a. Amma zargin da aka yi wa matar nan zalunci ne, kuma bai rage mini bugun zuciya ko ɗaya ba.

Masu ɗan ilimin boko a danginmu su kuma maganarsu ɗaya ce: garkuwar jikinki ta yi rauni. Aka tara mini zuma, habbatus sauda, garin zogale, kwalaben maganin ƙarin jini, da wani haɗi da masu lasifika ke sayarwa ranar kasuwa, wai yana ƙara wa sojojin jiki ƙarfi. Kowa ya ɗauka in dai mutum yana ramewa, to garkuwarsa ce ta faɗi.

Wanda ya fara gano bakin zaren wani ma'aikacin lafiya ne a babban asibitin da ke kusa da mu. Ya riƙe wuyan hannuna yana kallon agogo, ya ce bugun ya haura 120 a minti ɗaya alhali a zaune nake, ga shi na lafiyayyen babba tsakanin 60 ne da 100. Ya ce in miƙe hannuwa, ya ɗora fallen takarda a kai, takardar ta kama karkarwa. Ya ba ni ruwa ya ce in kurɓa, yana kallon wuyana. Sai ya ce, "Malama, kin san kina da maƙoƙo?" Ban sani ba. Hijabi ya rufe shi, kuma bai yi girman da ido zai kama daga nesa ba. Ya rubuta mana takarda zuwa Kano.

Ni a sanina maƙoƙo shi ne irin na kakata, wanda ya zauna mata a wuya shekara da shekaru ba ya ciwo, ba ya hana ta daka. Likitar da ta duba ni a Kano ta ce irin wancan yawanci ƙarancin sinadarin aidin ne a abinci, abin da ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta zuba shi a gishirin ci. Ta ce nawa ba wannan ba ne, ko buhun gishiri zan cinye ba zai taɓa shi ba. Ta zana mini wuya a takarda, ta nuna wata tsoka mai ɓari biyu da ke kwance a gaban maƙogwaro, tayiroyid, wadda nauyinta bai fi giram 20 ko kusa da haka ba. Aikinta ta ɗauki aidin ta ƙera sinadarai biyu, T4 da T3, ta zuba a jini. Su ne suke tsara saurin da jiki yake ƙona abinci, zafin jiki, bugun zuciya, tafiyar hanji, har da kaifin tunani. Ita ma ba ta aiki da ka. Akwai wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da yake aiko mata da saƙo mai suna TSH. In sinadarin ya yi ƙasa a jini sai ya ƙara saƙon, in ya yi yawa sai ya rage.

Da sakamakona ya fito, T4 ya wuce iyaka nesa ba kusa ba, TSH kuwa kusan babu shi. Wato ƙwaƙwalwa ta daɗe da yin shiru, amma tsokar tana ta aiki. Na ce, "Likita, to wa yake sa ta?" Ta ce garkuwar jikina. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne ƙera makaman da ke kama ƙwayar cuta, su ne suka ƙera wani makami da ya dace daidai da gurbin da TSH yake zama a jikin tsokar. Yana zama a gurbin sai tsokar ta ɗauka umarni ne daga sama. Ta ce in ƙaddara gida ne na kulle, wani yaro ya iya muryar maigida, ya tsaya a zaure yana ta cewa a ƙara tuwo an yi baƙi. Matan ciki ba sa ganinsa, murya kawai suke ji, sai su yi ta tuƙi har rumbu ya ƙare, maigida na gaskiya kuwa bai ce komai ba. Sunan ciwon Graves, sunan wani likita ne ɗan ƙasar Ayalan, Robert Graves, da ya bayyana shi a 1835. Sai a 1956 aka gano a ƙasar Niyuzilan cewa wani abu ne a jinin masu ciwon yake zuga tsokar, daga baya aka tabbatar daga garkuwar jiki yake fitowa.

Ina zaune sai na tuna kwalaben da ke jere a kan kabad ɗina. Watanni ana ɗura mini abin ƙara garkuwa, ashe garkuwar ba ƙarfi ta rasa ba, saiti ta rasa. Idanun ma aikinta ne: makaman nan suna taɓa kitse da tsokar da ke bayan ƙwayar ido, wurin ya kumbura ya turo idon gaba. Ta tambaya ko akwai mai shan taba a gida, domin hayaƙin taba yana ƙara ɓata idon mai wannan ciwo. Na ce babu, sai dai hayaƙin kara da itace.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne dalilin da ya sa ya zo bayan haihuwa. Ta ce jariri rabinsa na ubansa ne, don haka a wurin garkuwar uwa baƙo ne. Da za ta yi aikinta yadda ta saba da ta kore shi. Sai Allah Ya sa a lokacin ciki take lafawa, har masu wannan ciwo sukan ji sauƙi a watannin ƙarshe. Bayan an sauka sai ta farfaɗo da ƙarfinta, a wasu matan har ta wuce gona da iri. Ta ce akwai wani nau'in da ya fi nawa yawa, yana samun kusan mace 1 cikin 20 a shekarar farko bayan haihuwa. Shi garkuwar tana kumbura tsokar ne, sinadarin da aka ajiye ya tsiyaye cikin jini, mace ta yi 'yan makonni tana zafi da fargaba, sannan ta faɗa kasala da jin sanyi, kuma yawanci yana wucewa da kansa. Mata nawa ne a ƙauyukanmu aka ce musu ragwanci ne ko iskar jego, Allah kaɗai Ya sani. Ciwon Graves kansa ya fi kama mata sau 5 zuwa 10 a kan maza, kuma yana bin dangi.

Aka ɗora ni a kan kabimazol, mai hana tsokar ƙera sinadarin, da furofanolol mai sassauta bugun zuciya da rawar hannu. Aka ce zan iya ci gaba da shayarwa. Maganin akan sha shi wata 12 zuwa 18, kuma kusan rabin mutane ciwon yakan dawo bayan an daina. Kafin mu fita likitar ta tsayar da Malam, ta rubuta wata 'yar takarda da Hausa da babban baƙi, ta ce ya karanta a gabanta. Ta rubuta cewa in na yi zazzaɓi, ko ciwon maƙogwaro, ko gyambo a baki, in daina maganin nan take, a kai ni inda za a ƙirga fararen ƙwayoyin jini a ranar, kada a tsaya kemis. Ta ce a cikin mutum 1,000 masu shan maganin, 'yan ƙalilan ne, ba su fi biyar ba, yake durƙusar musu da ɓargo ya daina ƙera waɗannan ƙwayoyi, kuma galibi a wata uku na farko. Malam ya ninke takardar ya sa a cikin hularsa.

Na samu sauƙi sosai. Na fara barci, rubutuna a allo ya miƙe, kumatu suka fara dawowa. Ana shirin shiga azumi sai wani yammaci na ji sanyi ya rufe ni, kafin asuba ko yawu ba na iya haɗiya. Inna ta leƙa bakina da tocila ta ce beli ne, a kira wanzami ya cire. Har an aika yaro. Malam ya cire hula ya fito da takardar, ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan karon ba wanzami." Ban taɓa jin ya musa mata magana ba sai ranar. Ta yi fushi ta shige ɗaki. Abokiyar zamana ta karɓi yaron ta goya, ta ce mu tafi.

A Kano aka ƙirga. Nau'in fararen ƙwayoyin da ke fara tarar ƙwayar cuta, waɗanda ya kamata su haura 1,500 a ɗigon da ake aunawa, nawa ba su kai 500 ba. A wannan halin da aska ta shiga maƙogwarona, ban san me zai tare ƙwayoyin cutar da za su bi ta wurin ba. Aka ba ni gado a gefe ni kaɗai, aka hana 'yan dubiya, mai shigowa sai ya wanke hannu ya rufe hanci, aka yi ta ɗura mini maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Wannan karon kam garkuwar ta faɗi da gaske, kuma ba zuma ba zogale da za su tashe ta, sai dai a jira ɓargo ya farfaɗo. Likitocin suna tsoron abu biyu a lokaci guda. Ga cuta a jikin da ba shi da masu tsaro, ga tsokar da aka saki ba magani. Wani ƙaramin likita ya gaya mini cewa zazzaɓi mai tsanani a jikin mai irin ciwona yana iya tayar da tsokar gaba ɗaya, zafin jiki ya haura 40, zuciya ta rikice, hankali ya gushe, kuma ana mutuwa a haka. Ya ce su fararen ƙwayoyin ma suna da gurbin karɓar T3 a cikinsu kamar sauran sassan jiki, don haka sinadarin yana taɓa yadda suke aiki, su ma suna taɓa tsokar da ke yin sa. Allah Ya taƙaita, bayan mako ɗaya da 'yan kwanaki adadin ya fara hawa.

Kabimazol ya haramta gare ni har abada, haka ɗan'uwansa da ake ba masu sabon ciki, domin wanda ɗaya ya yi wa haka ɗayan ma yana iya yi masa. Saura hanya biyu. Akwai aidin mai tururin nukiliya da ake sha ya ƙone tsokar daga ciki, amma a lokacin sai an je Abuja ko Ibadan, ba a ba mai shayarwa, kuma yakan ƙara turo idon da ya riga ya fito. Sai tiyata. Malam ya sayar da riɗin da ya ajiye da tumaki biyu, yayyena suka haɗa abin da ya sawwaƙa. Kafin aikin aka yi ta ba ni ɗigon ruwan aidin a kofi na wajen kwana goma. Na yi mamaki, tunda da shi tsokar take aiki, aka ce in ya yi yawa lokaci ɗaya sai ta ɗan rufe, jinin da ke kwarara cikinta ya ragu, aikin ya zo da sauƙi. Tsorona muryata, saboda jijiyar murya a bayan tsokar take bi, ni kuwa da murya nake ci. Na farka da dishewa, ta washe a hankali. Leɓena da yatsuna suka yi ta tsirawa na ɗan lokaci, aka ce wasu 'yan ƙullutai huɗu ne masu kula da sinadarin ƙashi suka ji taɓi, aka ba ni ƙwayar kalsiyam har suka dawo daidai. Yaron kuwa a hannun abokiyar zamana aka yaye shi. Har yau ita yake kira Umma.

Tun daga nan kullum da asuba ina haɗiyar ƙwayar tairoksin da ruwa zalla, in jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin in karya. Ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam sai bayan awa 4, in ba haka ba suna riƙe ta a hanji. Awara ma ba na kusanta ta da ita. Da azumi nakan tashi kafin kowa in sha, sannan in ɗora sahur. Kafin a daidaita mini adadin na ɗanɗana ɗaya ɓangaren ciwon: sanyi a tsakiyar bazara, kumburin fuska, bushewar fata, barcin da ba ya isa, mantuwa har a tsakiyar darasi. Ban san wanda ya fi wani ba tsakanin su biyun.

Na ɗauka da cire tsokar magana ta ƙare. Da na samu ciki a 2021 sai likitar ta ce a'a. Da farko ta ƙara mini ƙwayar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, domin a watannin farko ƙwaƙwalwar ɗan tayi da sinadarin uwa take ginuwa. Sannan ta sa aka sake auna makaman nan a jinina. Na ce ai babu abin da za su zuga yanzu. Ta ce ni babu, amma wanda ke cikina yana da tasa tsokar, kuma makaman suna ratsa mabiyiya. An cire abin da garkuwar take hara, ita kuwa tana nan da abin da ta koya. Ta wannan hanya ɗaya uwa take ba jariri kariyar ƙyanda da ta sandarau kafin a haife shi, mabiyiya ba ta tantance mai amfani da mai cutarwa. Nawa sun ragu amma ba su ɓace ba, don haka duk awo sai an saurari zuciyar ɗan, ana lura kada ta zauna sama da 160. An hana ni haihuwa a gida. Inna ba ta ce uffan ba wannan karon, ita ce ma ta riƙe mini jaka. Yarinyar ta zo lafiya, aka ɗebi jininta a kwanakin farko aka sake ɗiba, tsokarta daidai take. An ce ko da ta taɓu, abin yakan wuce cikin 'yan makonni zuwa wata uku, in makaman uwa suka ƙare a jininta.

Idanuna sun koma amma ba duka ba, na dama ya fi na hagu fitowa, kuma in iskar hunturu ta taso sai na sa tabarau ina ɗiga magani.

Yayata, wadda muke ciki ɗaya, tana aure a wajen Gumel. Shekaru ana ce mata ta cika son jiki. Ta yi ƙiba ba tare da ci ba, gashinta yana zuba har kitso ba ya kamawa, al'adarta ta rikice, ta yi ɓari sau biyu, kullum tana cikin rigar sanyi. Bara da muka haɗu a gidanmu na sa ta kurɓi ruwa ina kallon wuyanta, na ce, "Yaya, ki shirya mu je Kano." Mijinta ya ce ai ita ba ramewa take ba, ina ruwan ciwonta da nawa. Da ƙyar ya bari. TSH ɗinta ya yi sama sosai, T4 ya yi ƙasa, kishiyar nawa ke nan, kuma an samu wasu makaman garkuwa a jininta, irin waɗanda suke cinye tsokar a hankali har ta gaza. Wani likita ɗan Japan, Hakaru Hashimoto, shi ya bayyana wannan a 1912, ana kiran ciwon da sunansa. Ita ba tiyata, ba kwanciya asibiti. Ƙwayar da nake sha ita aka ba ta, adadin ne kawai ya bambanta. Yanzu in Malam zai shiga Kano sai ya sayo na wata uku-uku, nawa da nata, ya ba direban motar Gumel a tashar 'Yankaba ya kai mata. Likitar ta ce in 'ya'yanmu mata sun girma sun fara haihuwa, mu gaya wa duk wanda zai yi musu awo cewa ciwon yana gidan.